Hannun Malam Jaji

Bayan shekarar da gyaɗa ta ƙi, aka wayi gari tashar jirgin Kaura Namoda ba buhu ko na rantsuwa, sai Alhaji Nuhu ya yanke shawarar mayar da babbar motarsa Shinkafi, ta riƙa jigilar hatsi da dabbobi daga kasuwar can. Mota ba ta tafiya ba direba, direba kuwa ba ya barin iyalinsa a baya. Haka direbansa Muhtari ya shigo gida wata la'asar, yana goge baƙin mai a hannu, ya shaida wa matarsa Tani ta fara haɗa kaya, don kafin damina ta fita za su tashi.

Tashin bai dami Tani ba. Tukwane ne da tabarmi da akuya guda, sai jaririyarta Zulai da ke baya. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne makarantar da za a sa yaron.

Yaron nan Abbati ne, ɗanta na fari, ɗan aji huɗu, mai sunan kakansa. Kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari a ƙasar nan. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta tare masa faɗa. In ya faɗi gaban mutane sai ta kau da kai, wata ta ɗaga shi. Tani kuwa ta riƙe wannan kunya fiye da kowace mace a unguwarsu, har ana ba da misali da ita. Al'ada ce mai kyan gani, ba na musu, sai dai waɗanda suka kafa ta ba su taɓa zama sun tambayi yaro yadda yake jin ta ba. Shi Abbati ya tashi yana kiran uwarsa Tani kamar yadda ya ji kowa na kira. Wadda yake ce wa Inna ita ce Kulsumu, goggon ubansa, da ke gidan da ke jikin nasu.

Kulsumu ce bakin Tani. In Tani ta ga yaron ya rame, sai ta leƙa ta kan danga ta ce hatsin bana ba shi da auki, Kulsumu ta gane, ta kira shi ta cika masa ciki da fura. In Tani ta kore shi gaban baƙi, Kulsumu ce za ta jawo shi jikinta ta ce, "Rabu da ita, ƙarya takai, ta hi kowa son ka." Da haka aka rayu lafiya. To, a daidai wannan lokacin Kulsumu ba ta nan. Ta tafi Banga wankan jegon 'yarta, ba kuma za ta dawo ba sai an yi arba'in.

Makarantar Shinkafi tana bayan gidan da Alhaji zai ba su, katanga ɗaya ce tsakani. Muhtari ya gan ta, ya ba Tani labari. Shekarar ce gwamnati ta buɗe karatu kyauta ga kowa, yara suka cika azuzuwa suka tumbatsa, wasu a ƙasa ƙarƙashin tsamiya, malaman ma wasu gemu bai fito musu ba. Tani ta ji ta kwanta mata. Tana daka za ta ji ƙararrawa, in an tashi tara yaron zai shigo ya sha ruwa, ta gan shi da idonta ba tare da kowa ya ce ta duba shi ba. Ba ta nemi fiye da haka ba.

Alhaji Nuhu ne ya ɓata lissafin, kuma da alheri ya ɓata shi, wanda ya fi wuyar kaucewa. Ya ce ɗan direbansa ba zai zauna a ƙasa ƙarƙashin itace ba. Akwai wani hedimasta, Malam Jaji, a wani ƙauye can bayan Dauran cikin ƙasar Zurmi, wanda ke riƙe yara a gidansa, kuma duk yaron da ya bi ta hannunsa sai ya ci jarrabawar shiga sakandare. Mutane na roƙo ba sa samu. Shi Alhaji har ya yi magana an karɓa, ranar tashi sai a ratsa a sauke yaron.

Da Tani ta ji sunan, sai ta tuna ta san yaro guda da ya bi ta hannun Malam Jaji.

Haladu ne, ɗan Amadu mahauci na bayan layinsu. Kafin a kai shi, yaro ne mai rawar kai, wanda ba mangwaron da ya tsira daga jifansa. Ya dawo ya ci jarrabawa, unguwa ta ɗauka da yabo, ana cewa ya yi hankali, ya zama kamar babba. Wata rana aka aiko shi gidan Tani da nama. Yana tsaye a tsakar gida ta ɗaga hannu za ta ɗauko faifai a kan rumfa, sai ta ga yaron ya zube ƙasa ya rufe kai da hannu biyu. Bai yi kuka ba, jira kawai yake yi. Da ya tashi ta ga wandonsa ya jiƙe. Ta yi kamar ba ta gani ba, ta sallame shi. Kuma su biyu aka kai tare daga Kaura, shi da ɗan wani mai gyaran keke. Wancan bai dawo ba. Aka ce zazzaɓi ne, aka binne shi can kafin labari ya iso wa iyayensa. Mutane suka ce kwana ya ƙare, aka yi addu'a aka watse. In aka tambayi Haladu labarin abokin nasa, sai ya kalli ƙasa.

Tani ta aika Banga ta bakin wata mai tallar daddawa, a ce wa Goggo Kulsumu ana neman ta da gaggawa. Ko saƙon ya isa, ko ruwa ya tare hanya, oho. Ba amsa.

Ana gobe tashi, Muhtari ya dawo cin abincin rana. Ta ajiye masa kwano, ta koma gefe tana tsince wake, ta ɗauko maganar ta bayan gida kamar yadda ta saba.

"Malam, ka ko ga ɗan gidan Amadu kwanan ga?"

"Na gane shi," in ji Muhtari. "Ya ci jarrabawa."

"Ya ci."

Ya tsoma hannu a tuwo ya fitar bai kai baki ba. Nan ta gane shi ma ya sani, shi ma kwanakin nan da abin yake kwana yake tashi. Amma shi nasa ɗaurin biyu ne. Yaron ɗan farinsa ne, ga sunan mahaifinsa a kansa, ga kuma ubangida da ya yi alheri. Direba ya ce wa mai mota ba ya son alherinsa? Da wane baki?

"Gobe Hajiya Safiya za ta zo sallama," ya ce da ita a hankali, yana nufin uwargidan Alhaji. "Alhaji ya ce ta ji ta bakinki. In ke kinka ce ba ki so, maganar mata ta, dariya za shi yi shi bar ta. In ni nic ce, butulci na."

"Ni? Gaban mutane?"

"Kalma guda ta, Tani."

Ta so ta ce masa shi ne namiji, shi ya kamata ya tsaya. Ta so ta ce masa tsoro take ji, tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba ko ranar haihuwa. Ba ta faɗa ba. Ta ce Allah ya kai mu, ta ci gaba da tsintar wakenta.

Washegari da hantsi gida ya cika da matan unguwa, masu taya ɗaure kaya da masu zuwa ganin abin da za a bari. Hajiya Safiya ta iso da turarenta da fara'arta, aka shimfiɗa mata tabarma. Tani ta yi niyya, wallahi ta yi niyya. Tun asuba take juya kalmar a bakinta. Da Hajiya ta ja ta ɗaki su biyu, da ta faɗa. Amma Hajiya mace ce mai son raha, sai ta ɗaga murya a tsakar gida yadda kowa zai ji.

"To uwar Abbati, Alhaji ya ce in tambaye ki. A kai maki ɗanki wurin Malam Jaji, ko ba ki iya rabuwa da shi?"

Mata suka bar abin da suke yi. Wannan wasa ne da suka sani, tsokanar uwa da ɗan farinta, a ga ko za ta yi suɓul da baka. Wata ta ce, "Yau muna ganin ƙarshen kunyar Tani." Wata ta ce, "Ku dubi idonta, ya kawo ruwa!" Aka kwashe da dariya. Ido ya yi mata yawa. Ta ji kalmar da ta tanada ta maƙale, wata kuma da bakinta ya saba da ita ta fito da kanta, har ta fi kullum kaifi saboda zafin da ke cikinta.

"Ni mi ag gamina da shi, Hajiya? Ku kai shi ko bangon duniya na. Ragin hayaniya ma anka yi man."

Aka yi shewa. Hajiya ta tafa hannu ta ce ɗiyar mutunci ke nan, irin su sun ƙare. Duk matan nan sun san ƙarya ce, kowacce ta taɓa yin irinta. Amma an tambaya, an ba da amsa, kuma amsar ce za a kai wa Alhaji.

Da Tani ta juya za ta ɗauki tukunya, sai ta ga Abbati a bakin zaure riƙe da igiyar akuya. Bai matsa ba, bai kuma sunkuyar da kai ba, kallonta kawai yake yi. Ta ce a ranta ai ya saba jin irin wannan. Ba ta tuna ba cewa duk sauran lokutan akwai mai jawo shi jiki ta ce masa ƙarya ce.

Bayan azahar aka tashi. Alhaji Nuhu na gaba kusa da Muhtari, Tani da yaran suna baya a kan kaya. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, baƙi ƙirin, iska kuwa ta tsaya cik. Gero ya yi tsayi hagu da dama har ya rufe gari. Abbati ya zauna can ƙarshen mota ya juya mata baya, ƙunshin kayansa a cinya. Ta cusa masa ƙuli-ƙuli da 'yar rigar sanyi a ciki tun da safe, ba tare da ya gani ba. Sau da yawa ta buɗe baki za ta yi masa magana, ga su su kaɗai, ba mai ji sai akuya. Amma ba ta san yadda ake fara magana da shi ba. Ba ta taɓa koya ba.

Bayan Dauran suka saki babbar hanya suka bi wani burtali mai yashi. Makarantar tana gefen ƙauye, fes da ita, an jera fararen duwatsu tun daga bakin hanya har ƙofar aji. Gidan hedimasta na jikinta. Yara kamar goma suna shara a fili, filin da ba ko tsinke a kansa.

Abin da ya fara tayar wa Tani da hankali shi ne shirun. Duk ƙauyen da suka ratsa, yara sun biyo motar da gudu suna ihu suna ɗaga hannu. Nan ga babbar mota ta shigo har tsakiyar fili tana huci, amma ba yaro ko ɗaya da ya ɗaga kai. Tsintsiya kawai ke motsi. Daga saman kaya inda take tana hango bayan gidan. Akwai wani ɗan ɗaki marar taga, an ɗaure ƙofarsa da waya ta waje, ga kwanon sha an ajiye a ƙasa daidai inda ƙofar ta ɗan ɗage.

Malam Jaji ya fito. Ta zaci za ta ga ƙato mai jan ido da bulala. Sai ga ɗan mutum siriri cikin farar riga mai guga, ba komai a hannunsa, muryarsa ƙasa-ƙasa har sai an kasa kunne. Ya durƙusa ya gaida Alhaji, ya yi wa Muhtari sannu da hanya, ya dubi Abbati da aka sauko da shi ya yi murmushi.

"Wanga shi na? Masha Allahu. Da ganin idonai shina da kai. Akwai ɗan taurin wuya, amma ba komi, wannan aikinmu na."

Alhaji ya yi dariya ya ce shi ya sa aka kawo shi. Muhtari na tsaye yana murza hularsa a hannu. Tani ta ga idonsa ya kai kan yaran nan masu shara, ya dawo. Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya fara tuƙa motar Alhaji, ya sa baki ba a tambaye shi ba.

"Ranka shi daɗe, ko a tambayi yaron? Kada mu tahi shi gudo cikin daji."

Iyakar ƙarfin halinsa ke nan, kuma Allah ya sani ya yi ƙoƙari. Yana da tabbacin yaro zai ce shi Shinkafi za shi, a yi dariya a ce ƙuruciya, a ɗage maganar zuwa baɗi. Alhaji ya ɗaga gira, amma ransa a sake yake, ya ce to a tambaye shi mana.

Muhtari ya dubi wani wuri kusa da kafaɗar ɗansa ya ce, "Kai, zamnawa za ka yi, ko bin mu za ka yi?"

Abbati bai dubi ubansa ba. Ya ɗaga kai ya dubi saman mota. Ga Alhaji, ga Malam, duk sun bi idonsa da kallo. Wuyan Tani ya yi abin da ya shekara tara yana yi, ya kau da kanta gefe tun kafin ta yi tunani. Ƙiftawar ido ce kawai. Da ta juyo, yaron ya riga ya sauke nasa.

"Zamnawa za ni yi," ya ce. "Tani ta ce ba ruwanta da ni. Ta ce ragin hayaniya na."

Alhaji ya fashe da dariya ya ce kai, yaro da riƙo. Malam Jaji ya gyaɗa kai kamar wanda aka ba amsa daidai a aji. Ita kuwa Tani sai a nan ta gane. Ashe ya yarda. Ashe duk shekarun nan ba al'ada yake gani ba, uwa yake gani wadda ba ta son sa.

Ta miƙe tsaye a kan buhu, Zulai ta farka a bayanta ta fara kuka. Ba ta damu da Alhaji ba, ba ta damu da wanda zai kai labari Kaura ba.

"Ƙarya nikai!" ta ce, muryarta ta fita da ƙarfi har akuya ta zabura. "Wallahi ƙarya nikai. Ɗauko kayanka ka hawo. Ba ni so a bar shi nan, Alhaji, ba ni so!"

Ko a nan yaran ba su ɗaga kai ba. Abbati ya buɗe baki yana kallonta kamar bai taɓa ganin ta ba, fuskarsa ta yamutse irin ta ƙaramin yaro. Ya ɗaga ƙafa ya yi taku ɗaya zuwa motar.

Malam Jaji bai riƙe shi ba. Yatsu biyu kawai ya ɗora masa a bayan wuya, a hankali, yaron ya tsaya.

"Dut uwaye haka suke ranar hwarko," ya ce da Alhaji cikin taushin murya. "Kwana kaɗan ta saba. Yaro kau ya hwaɗi da bakinai gaban ubanai. In munka koya mashi tun yau magana biyu akai, mun cuce shi."

"Gaskiya ta, Malam," in ji Alhaji. Ya dubi Tani yana dariya, ba da mugunta ba, ya ce, "Ashe dai akwai ta! Da sahe kin ce a kai, yanzu kin ce a bari. Maganar mata ke nan. Zamna, ɗiyata, wata rana kya gode man." Ya ɗaga kai ya dubi sama, inda hadari ya riga ya cinye rana. "Muhtari, tada mota. In ruwan ga yas sauko gulbi ya kawo, nan za mu kwana."

Tani ta dubi mijinta. Ta faɗi kalmar da ya nema, ta faɗe ta gaban maza, ta zubar da abin da ta shekara da shekaru tana tarawa. Saura nasa. Muhtari ya dubi ɗansa, karo na farko ido cikin ido, ya dubi Alhaji da ya riga ya kama ƙofar mota. Leɓensa ya motsa. Sai ya sa hularsa, ya ce wa Malam Jaji ga amana nan, ya zagaya ya hau.

Inji ya tashi. Ta yi yunƙurin dira, ga goyo a baya, ga motar ta fara ja, sai ta faɗi zaune a kan kaya ta kama ƙarfen gefe. Tana ta faɗin a tsaya, ƙarar inji na haɗiye maganar. Ɗigon farko ya faɗo mata a hannu.

Tana kallo wani yaro ya zo ya karɓi ƙunshin kayan Abbati, ya miƙa masa tsintsiya. Abbati ya karɓa, amma idonsa na kan motar, ya ɗaga hannunsa ɗaya sama kamar zai kira ta. Malam Jaji ya sunkuya ya faɗa masa wani abu a kunne, gajere. Hannun ya sauka. Yaron ya duƙa ya fara shara, bai sake ɗagowa ba har gero ya rufe mata shi.